Na San Amsar a Kaina, Amma Na Kasa Nuna wa 'Yata Hanya

Wasiƙar wannan makon daga Kano ta zo. Ga abin da mai ita ya rubuto:

"Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, shekara 19 ke nan ina ɗaukar fasinja tsakanin Kano da Kaduna. A boko firamare kawai na gama. Babbar 'yata tana ajin ƙarshe na sakandare, bana za ta zana WAEC da NECO, kuma tun tana ƙarama ba ta da buri sai aikin jinya. Wani dare ta zo mini da aikin da malaminsu ya ja mata jan biro, ta fassara mini da Hausa: mota ta tashi daga wani gari zuwa wani da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo ta hanyar da ta bi da gudun 90, zuwa da dawowa suka ci awa 5, to mene ne nisan garuruwan? Ban yi minti ɗaya ba na ce mata 180. Ita kuwa 187.5 ta samu. Ta ce Baba yaya aka yi? Na ce ai 180 a gudun 60 awa uku ce, a gudun 90 awa biyu, biyar ke nan. Ta ce to ta ina ka samo 180 ɗin tun farko? Nan na rasa ta cewa. Ta yi ta maimaita tambayar har raina ya ɓaci, na ce mata abin da yaron motata ya sani shi ne ke mai zuwa makaranta kika kasa. Tun daga ranar ba ta sake buɗe littafi a gabana ba. Mahaifiyarta ta ce mini yarinyar ta ce ita ba ta da kan lissafi, za ta haƙura da jinyar. Malam, abin nan ya hana ni sukuni. Ba ni da kuɗin lesin, ga shi abin da na sani a kaina yake, ban iya sa shi a takarda ba. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya raya mana ita, Ya nuna maka ranar da za ta sa fararen kaya ta kama aiki a asibiti.

Kafin mu taɓa lissafi sai mun taɓa maganar da ta fita daga bakinka, domin ita ce ta rufe littafin nan. Magana zarar bunu ce, ka sani na sani. Amma tsakanin uba da 'ya akwai gyara, kuma gyaran ba ya buƙatar dogon jawabi. Ka kira ta bayan isha'i, lokacin da ƙannenta suka kwanta, ka ce mata: ranar nan na faɗa miki maganar da ba daidai ba, haushin kaina nake ji don na kasa ba ki amsa, sai na sauke a kanki. Wannan ya isa. Na san a wajenmu uba bai saba neman afuwar abin da ya haifa ba, balle 'yar fari da ake jin kunyarta, amma girmanka ba zai ragu ba ko da ƙwayar zarra. In bakinka ya yi nauyi, ka sa mahaifiyarta ta zauna a wurin, sai dai kada ka aike ta da saƙon. Daga bakinka ta ji waccan, daga bakinka ya kamata ta ji wannan.

Sannan ka gaya mata abin da zan gaya maka yanzu, domin gaskiya ne. Tambayar da ta yi maka, ta ina ka samo 180 ɗin, ita ce tambayar mai kan lissafi. Na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare, kuma yaron da nake tsoron wa jarrabawa shi ne wanda in an ba shi amsa sai ya kwafe ya rufe littafi. Wanda ya tsaya ya ce sai an nuna masa ta inda aka biyo, wannan hankalina kwance yake da shi.

To ta ina ka samo ta? Shekara 19 a kan sitiyari suka ba ka. Kanka ya riga ya san cewa gudun 60 kilomita ɗaya ne kowane minti, ya san 90 sau biyu 180 ne, sai ya gwada lamba ɗaya ko biyu a ɓoye ya ga wadda ta zauna daram. Wannan ilimi ne na gaske. Amma da tambayar ta ce gudun 64 da 88, lokaci kuma awa huɗu da minti 45, da kai ma ka yi shiru. Aljabara ita ce hanyar da ke kai mutum ga amsa ko lambobin sun yi daɗi ko ba su yi ba. Kai ka san hanya, ita ta iya rubutu, abin da ya rage ku haɗa.

Duk tambayoyin irin wannan a kan magana ɗaya suke tsaye: nisa shi ne gudu sau lokaci. In kana gudun 80 ka yi awa biyu, ka ci kilomita 160. Daga nan sauran biyun suke fita. In nisa da gudu ka sani, ka raba nisa da gudu ka sami lokaci. In nisa da lokaci ka sani, ka raba nisa da lokaci ka sami gudu. Akwai wani zane mai kusurwa uku da ake koya wa yara su haddace, a rufe harafi ɗaya da yatsa a ga sauran biyun. Ba na hana shi, amma ba ya kai yaro ko'ina in tafiya ta zama biyu a cikin tambaya ɗaya, kuma irin waɗannan su ake kawowa a jarrabawa.

Bari in gaya maka yadda ta sami 187.5, don na ga wannan kuskuren sau ba adadi. Ta haɗa 60 da 90 ta raba biyu ta sami 75, ta ce shi ne matsakaicin gudu. Ta ninka 75 sau 5 ta sami 375, ta raba biyu. Tunani ne mai tsari, wuri ɗaya kawai ya zame: motar ba ta raba lokacinta daidai tsakanin gudun biyu ba. Ta fi daɗewa tana rarrafe a 60 fiye da yadda ta daɗe a 90, saboda haka matsakaicin dole ya karkata wajen 60. A nan kai ne malaminta, ba ni ba. Ka ce mata ta ɗauka ka yi tafiyar kilomita 90 da safe, hanya fetal, gudun 90, awa ɗaya ka isa. Da za ka dawo sai tirela ta faɗi ta tare hanya, aka yi ta jan jiki a gudun 10, kilomita 90 ɗin nan suka ci maka awa 9. In aka bi lissafinta, 90 da 10 a raba biyu, an ce matsakaicin gudunka 50 ne. Wane direba ne zai yarda da wannan? Ka yi kilomita 180 a awa 10, wato 18 a awa. Matsakaicin gudu kullum shi ne dukkan nisa a raba da dukkan lokaci. A tambayarta, kilomita 360 ne zuwa da dawowa a awa 5, ya ba da 72, ba 75 ba. Ukun nan da ta yi sama ita ta jawo jan biro.

Yanzu ga yadda za ta sa abin a takarda. Ka ba ta wannan ta karanta a gabanka da babbar murya, kana saurare.

Da farko ta zana hanyar: layi ɗaya, ɗigo a kowane baki, kibiya ta zuwa a sama an rubuta 60, kibiya ta dawowa a ƙasa an rubuta 90. Yara suna raina zane, suna ganin ɓata lokaci ne, alhali rabin ruɗewar a nan take warwarewa. Sai ta tambayi kanta me ba ta sani ba, ta raɗa masa suna. Ba ta san awa nawa zuwa ya ci ba, to sunansa t. Dawowa fa? A nan da yawa suke tsayawa cak, ko su ƙirƙiro wani harafi na biyu su ƙara wa kansu kaya. Ka tambaye ta: in awa biyar ce gaba ɗaya, zuwa ya ci ɗaya, saura nawa? Za ta ce huɗu. In ya ci biyu? Uku. Me kike yi kike samu? Cirewa nake daga biyar. To in ya ci t, ragowar 5 − t ce. Sai ta rubuta layi biyu:

Zuwa: gudu 60, lokaci t, nisa 60t
Dawowa: gudu 90, lokaci 5 − t, nisa 90(5 − t)

Nan ne zuciyar aikin, kuma in abu ɗaya za ta riƙe daga wannan amsar tawa, to ta riƙe wannan tambayar: a tafiye-tafiyen nan biyu, me ya zo ɗaya? Gudu ya bambanta, lokaci ya bambanta, amma hanyar da aka bi aka je ita aka biyo aka dawo. Nisa ɗaya ne. Da zarar ta gano haka, daidaiton ya rubuta kansa:

60t = 90(5 − t)

Sai ta buɗe bakan nan da ke kewaye da 5 − t. Ta kula, 90 ɗin nan kamar baƙo ne da ya shiga zaure, sai ya gaisa da kowa. Ya ninka 5 ya ba da 450, ya ninka t ya ba da 90t. Masu gaggawa sukan gaida 5 su manta da t, su rubuta 450 − t, daga nan komai ya lalace.

60t = 450 − 90t

Malamai da yawa a nan cewa suke yi a tsallakar da 90t ɗaya gefen, alamarsa ta canza. Amsar tana fita, amma ni ba na son koyar da shi haka, domin yaro yakan ɗauka wani siddabaru ne, ranar da ya manta kuma ba shi da abin kamawa. Gara ta ɗauki alamar daidai a matsayin sikelin mai nama. Hannu biyu sun yi daidai, duk abin da ka ƙara a wannan ka ƙara irinsa a wancan, sikeli ba zai motsa ba. Gefen dama yana da giɓin 90t, to a ƙara 90t a duka gefen biyu. Dama ya cike ya koma 450, hagu ya zama 150t.

150t = 450
t = 3

Kada ta ajiye biro a nan. Tambayar nisa ta nema, ba lokaci ba, kuma na sha ganin yaro ya yi aiki mai kyau ya ja layi a ƙarƙashin 3 ya wuce. Nisa 60 sau 3 ne, kilomita 180. Sai ta gwada ta ɗaya ɓangaren: dawowa awa 2, 90 sau 2, 180. Ga lambarka ta fito, wannan karon da shaidarta. Wannan gwajin na ƙarshe ta mayar da shi ɗabi'a. Da ta gwada 187.5 ɗinta, da ta ga zuwa zai ci awa 3 da minti bakwai da rabi, dawowa awa 2 da minti 5, jimla ta haura awa 5 da fiye da minti 12, da ita da kanta ta kama kuskurenta kafin malam ya gani.

Cike giɓin nan da muka yi, shi ne asalin sunan fannin. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekarar 820, Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafi a kan wannan lissafi, ya kira wannan aiki al-jabr. A Larabci kalmar tana nufin gyara abin da ya karye, har ɗorin ƙashi da ita ake faɗa. Gefen da aka cire wa abu kamar karyayye ne, sai a ɗora shi. Daga nan Turawa suka ɗauki sunan. Abin da nake so 'yarka ta ji shi ne, malamin nan bai yi amfani da x ko t ba, da zance ya rubuta komai, abin da ba a sani ba kuma shai'un yake kiransa, wato abu. Babban kaso na littafin ma a kan rabon gado da wasiyya yake, irin matsalolin da alƙalai da malamanmu suke warwarewa har gobe. Saboda haka in harafin ne yake firgita ta, ta rubuta "abu" da Hausa a takardar gwajinta: abu sau sittin daidai yake da biyar ban da abu, sau casa'in. In ta saba, sai ta mayar da shi harafi.

Wani malamin zai fi so a sa wa nisan suna kai tsaye, a ce d, a rubuta d/60 + d/90 = 5, a ninka ko'ina da 180, a sami 3d + 2d = 900, d ya fito 180. Duk ɗaya ne, kuma duk wadda ta bi za a ba ta makinta. Na fara da waccan ne don ba ta da rabe-rabe.

Akwai wani nau'i da na tabbata za ka ji daɗinsa, don kullum kana yinsa. Tirela ta bar Kano ƙarfe 6 na safe tana gudun 50. Kai sai ƙarfe 7 lodinka ya cika, ka tashi kana gudun 75. Yaushe za ka cim mata? Na san abin da kanka zai ce: ta ba ni tazarar kilomita 50, ni kuma kowace awa ina cin 25 daga tazarar, awa biyu na kamo ta. To ka sa 'yarka ta rubuta. Lokacinka t, na tirela t + 1, don ta riga ka fita da awa ɗaya. Me ya zo ɗaya? A daidai lokacin da ka jera da ita, ku biyun nisa ɗaya kuka yi daga Kano. Saboda haka 75t = 50(t + 1), wato 75t = 50t + 50. A cire 50t daga gefen biyu, 25t = 50, t = 2. Ka dubi layin nan na 25t = 50 da kyau. Ashirin da biyar ɗin da kake ci kowace awa ce, da hamsin ɗin tazarar da ta ba ka. Maganar da ka yi a zuci ita ce a takarda, ba ragi ba ƙari. Ƙarfe 9 za ka sha gabanta, a kilomita 150, ka ga an wuce Kwanar Dangora da Tashar Yari, ana maganar Zariya ke nan. Inda yara ke faɗuwa a wannan shi ne wa za a ba ƙarin awar. Ka ce mata wanda ya riga fita shi ya fi daɗewa a hanya, shi ke da ƙari.

Na masu tahowa su haɗu ba shi da wuya. Ɗaya ya taso daga Kano, ɗaya daga Kaduna a lokaci guda, mu ɗauki tsakaninsu kilomita 230. Wannan yana 70, wancan yana 45. Su biyun suke cin hanyar daga baki biyu, saboda haka nisansu ake haɗawa: 70t + 45t = 230, 115t = 230, awa biyu su yi kiciɓis.

Wanda ya fi ba 'yan ajin ƙarshe wahala shi ne mai cewa "da a ce". Misali: mota ta yi tafiyar kilomita 240. Da a ce direban ya ƙara kilomita 20 a kan gudunsa, da ya rage awa ɗaya. Nawa yake gudu? A nan ma tafiya biyu ce, ta gaske da ta "da a ce". Gudun gaske x, lokacinsa 240/x. Gudun "da a ce" x + 20, lokacinsa 240/(x + 20). Bambancinsu awa ɗaya. Wanne za a cire daga wanne? Kai za ka gaya mata ba tare da tunani ba: mai tafiya a hankali shi ya fi cin lokaci, nasa ne babba. To 240/x − 240/(x + 20) = 1. A ninka ko'ina da x(x + 20), hagu ya zama 240x + 4800 − 240x, wato 4800 kawai, dama ya zama x² + 20x. An samu x² + 20x − 4800 = 0. Ta nemi lambobi biyu da in an ninka su a sami −4800, in an haɗa su a sami 20: su ne 80 da −60. Saboda haka x ko dai 60 ne ko −80. Mota ba ta gudun da ya gaza sifili, sai a ajiye −80, kuma ta rubuta dalilin ajiyewar a takarda. Gwaji: 240 a gudun 60 awa 4, a gudun 80 awa 3. Ya zauna. Wannan kada ku fara da shi. Sai ta yi mako biyu tana cin na baya ba tuntuɓe.

Wani rami kuma da ke cinye maki a banza shi ne minti da awa. Awa minti 60 ce, ba 100 ba. Minti 45 kashi uku cikin huɗu ne na awa, 0.75, amma yaro sai ya danna 0.45 a kalkuleta. Awa ɗaya da rabi 1.5 ce, ba 1.30 ba. Kafin ta fara kowace tambaya ta mayar da komai ma'auni ɗaya: in gudun kilomita a awa ne, duk minti ta raba shi da 60. A darasin fiziks kuma za ta haɗu da mita a daƙiƙa, sai ta raba da 3.6, gudun 72 a awa ya zama mita 20 kowace daƙiƙa.

Kada kuma mu manta da Turanci. Yara da yawa da ake cewa ba su iya lissafi ba, jimlar ce ba su gane ba. Abin da ta yi maka ranar nan, na fassara tambaya da Hausa, shi ne abin da nake roƙon ɗalibaina su yi su ƙi. Ta ci gaba da shi. Duk tambayar da ta ɗauka, ta rufe littafi ta ba ka labarinta da Hausa: wa ya tashi, daga ina, yaushe, me ake nema. In ka ji labarin bai yi ma'ana a kunnen direba ba, to ba ta gane tambayar ba tukuna, ta koma ta sake karantawa. Kalmomin da ke yawan dawowa, irin na cim ma, da na fuskantar juna, da na matsakaici, ta ware musu shafin ƙarshe na littafinta ta rubuta ma'anarsu.

Game da maganar da ta yi ta haƙura da jinya, ka ce mata ban yarda ba. Gaskiya ne makarantun jinya suna neman kiredit a lissafi tare da Turanci, fiziks, kimistiri da bayoloji, ba hanyar kauce masa. Amma a takardar rubutu ta lissafi, masu duba jarrabawa suna ba da maki a kan hanyar da aka bi, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. Wanda ya kafa daidaitonsa daidai ya zame a ninkawa yana tsira da wani abu. Wanda ya rubuta 180 tsurarta, irin taka, kaɗan zai samu. Ka ga ashe abin da ta nace sai ta sani shi ne abin da ake biya. Kuma lissafin nan zai bi ta har gadon marar lafiya. Ledar ƙarin ruwa mai mililita 500, likita ya ce ta shiga cikin awa 4, nawa za ta riƙa shiga kowace awa? 125. Nisa ne da lokaci da gudu, sun sake riga kawai. In ta ji haka za ta san ba don jarrabawa kaɗai take koyonsa ba.

Batun kuɗin lesin kuwa, kana da abin da mai lesin ba shi da shi. Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun mota. In za ka tashi daga tasha ka rubuta lokaci da lambar da ke jikin agogon kilomita. Ka sake rubutawa a Zariya, ka sake a Kawo. In agogon motarka ya mutu, yaron motarka ya duba nisan a taswirar waya. Da daddare ka miƙa mata, ta fitar maka da matsakaicin gudunka na kowane zango, ta gaya maka inda ka fi ɓata lokaci. Bayan kwana biyu ka fara ɓoye mata lamba ɗaya ka ce ta nemo. Minti 20 ya isa, sau uku ko huɗu a mako, kuma ranar da ka dawo a gajiye ranka ba daɗi, a bar shi sai gobe. Ta kuma koma wajen malamin da ya ja mata jan biro ta nuna masa gyaran da ta yi, ta roƙe shi tsofaffin tambayoyi. Malami yana son ɗalibin da ya dawo da gyara.

Akwai lissafi ɗaya da nake so ita ta yi maka, kai kuma ka saurara. Iyakar gudun da Hukumar Kiyaye Haɗura ta sa wa motocin haya a babban titi mai tagwayen hanya kilomita 90 ne a awa. Kilomita 230 a gudun 90 awa 2 ne da minti 33. A gudun 110, awa 2 da minti 5. Ribar duk taka wutar nan ba ta kai rabin awa ba, a takarda ma ke nan, ba a sa ramuka da shingaye da cunkoson shiga gari ba. Ban ce kana yi ba, ɗan'uwa. Na faɗa ne don akwai yarinyar da ke jiran ka dawo da littafin nan kowane dare, da rayukan mutane a bayanka.

Ga ta farko da za ku fara da ita in kun shirya. Ka bar Kano ƙarfe 7 na safe ka isa Kaduna 10 da rabi, kilomita 230. A Zariya ka tsaya minti 30, aka sauke fasinja aka sha mai. Inda hanya ke da kyau gudun 90 ka yi, inda ake aiki gudun 50. Kilomita nawa ne wurin da ake aikin? Na san kafin ka gama karantawa amsar ta zo maka. Ka riƙe ta a bakinka, ka bar ta ta zana layinta, ta cire tsayuwar Zariya, ta raɗa wa abin da ba ta sani ba suna. In ta gama ku gwada taka da tata, sannan ta rubuto mini da hannunta yadda ta bi.